A Haɗa Mana Lissafin Gubar da Muke Ci

Jama'a, akwai wani lissafi da ya shafi ran kowannenmu, kuma har yau ba a zauna an yi mana shi yadda ya kamata ba. Lokaci ya yi da za mu tashi tsaye mu ce sai an yi.

Ku ɗauki yaro ɗan shekara 3 a kowace unguwa ta Kano ko Gusau ko Maraɗi, ku bi abin da ke shiga jikinsa daga wayewar gari zuwa kwanciya. Ya kwana a ɗakin da aka yayyafa wa fiya-fiya, aka kuma kunna maganin sauro mai hayaƙi. Da safe an saya masa ƙosan waken da ya yi watanni a buhu yana jiƙe da maganin ƙwari. Da rana ya sha miyar tumatirin da aka yi wa feshi jiya aka tsinke yau, da alayyafon da aka yi wa ban ruwa da ruwan da ya biyo ta bayan masana'antu. Da yamma ya tauna ƙuli-ƙulin gyaɗar da ta yi fumfuna, ya ci ayabar da aka nunar da kabayid irin na masu walda. A idonsa akwai kwalli, a fatar uwar da ke goye da shi akwai man haɗi, a iskar tsakar gida akwai hayaƙin itace da na janareta. Ku tambayi mai wake, zai ce ai ɗan kaɗan ya sa. Ku tambayi mai tumatir, zai ce ai ɗan kaɗan ne, kuma in an wanke ya fita. Kowa da gaskiyarsa a kan nasa kason. To wa ya haɗa jimillar? Hantar yaron nan da ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa, su kaɗai ne ke karɓar duka a tare, kuma babu wanda ya tambaye su ko za su iya.

Ga yadda ake tsara iyakar da hukumomi ke cewa ba ta da illa. Ana ɗaukar sinadari guda, a riƙa ba dabbobin gwaji shi kaɗai, har a gano adadi mafi yawa da bai nuna illa a jikinsu ba. Sai a raba wannan adadi gida 100: a raba gida 10 saboda bambancin mutum da dabba, a sake rabawa gida 10 saboda bambancin da ke tsakanin mutane. Abin da ya fita shi ne iyaka. Aiki ne na ilimi, ya kuma ceci rayuka masu yawa, ba na raina shi. Amma an gina shi ne a kan cewa wannan sinadarin kaɗai mutum zai gamu da shi, alhali babu mai rai a doron ƙasa da yake haka. Kamar jaki ne da mutum 10 suka ɗora wa kaya, kowa ya auna nasa ƙunshin ya ga bai fi ƙarfin jaki ba, babu wanda ya auna abin da ya taru a gadon bayansa.

Lissafin ba shi da wuya, ɗan firamare ma zai yi shi. A ce sinadarai 3 ne a kwanon abincinka, dukkansu jijiya suke taɓawa. Na farko ya kai rabin iyakarsa, na biyu rabin tasa, na uku kashi ɗaya bisa uku. Mai awo zai duba kowanne ya buga hatimi, domin babu wanda ya ƙetare layi. Haɗa su ka gani: rabi da rabi sun cika iyaka, na ukun ya ɗora a kai. An wuce gona da iri, takarda kuwa tana cewa lafiya lau.

Wannan magana an gwada ta an gani. A shekarar 2002 masu bincike a Landan, ƙarƙashin Andreas Kortenkamp, suka ɗauki sinadarai 8 masu kwaikwayon sinadarin halittar mata a jiki, kowanne a ɗan adadin da shi kaɗai ba ya nuna wani tasiri. Da suka haɗa su wuri guda sai tasiri ya bayyana ƙarara. Haka abin yake ga manyan magungunan ƙwarin da suka cika kasuwanninmu. Wanda ake kira DDVP, wato na cikin Sniper da yawancin fiya-fiya, da kulofirifos, da daimetowet, sunayensu daban, kwalabensu daban, amma wuri ɗaya suke duka a jiki: suna toshe wani sinadari da ke tsayar da saƙon jijiya bayan ya isa inda aka aike shi. In aka toshe shi sai yawu ya yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta yi ta rawa, ƙirji ya cika da majina, numfashi ya gagara. Jiki bai san sunan kamfani ba. Saboda haka ne Amurka ta yi doka a 1996 da ta wajabta a riƙa haɗa lissafin magungunan ƙwarin da ke yin illa ta hanya ɗaya, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ita ma ta fitar da ƙa'idojin auna haɗakar sinadarai a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana da tsarinta tun 2011. Ilimin yana nan a rubuce. Mu ne ba mu nemi a yi mana aiki da shi ba.

Galibi haka haɗuwar take, tari ne, wannan a kan wancan. Amma akwai inda abin ya fi tari muni, inda wani sinadari ke buɗe wa wani ƙofa. A Pakistan, a 1976, an tura ma'aikata kusan 7,500 feshin maganin sauro mai suna malatiyon, wanda aka sani da sauƙin illa ga mutum domin jiki na da hanyar karya shi da sauri. Sai ga kimanin 2,800 sun kamu da guba, 5 suka rasu. Da aka bincika sai aka tarar wani gurɓataccen sinadari ya samu a cikin maganin, zafi da rashin kyawun ajiya suka ƙara shi, aikinsa kuwa shi ne kashe wannan hanyar da jiki ke bi ya kare kansa. Ku tuna da wannan duk lokacin da kuka ga kwalaben maganin feshi a shanye a kan tebur a tsakiyar kasuwa, rana tana dukansu a watan Afrilu. A Amurka kuma, binciken da aka yi kan ma'aikatan da ke shaƙar ƙurar asbestos ya nuna haɗarin kansar huhu ya ninka musu kusan sau 5, mashaya taba kusan sau 10, waɗanda suka haɗa biyun kuwa kusan sau 50.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na hanta, kuma ina roƙon a saurare shi da kyau. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, ko aka ajiye su a wuri mai danshi, suna yin fumfunar da ke haifar da wata guba mai suna afulatoksin. Ba ta da ɗanɗanon da za ka gane, dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Ita kaɗai tana jawo kansar hanta. In kuwa ta tarar da mutum yana ɗauke da cutar hanta nau'in B, haɗarin yakan ninka kusan sau 30. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da wannan cuta, da yawansu ba su sani ba. Mu ne masu gyaɗa, mu ne masu ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa da yajin tsire da tuwon masara. Kuma mun san inda ruɓaɓɓiyar gyaɗar da aka tsince take tafiya: ba a zubar da ita, ana sayar da ita da araha ga mai ƙaramin ƙarfi, ko a matse ta a yi mai, ko a ba kaji da shanu, ta dawo mana ta nono. Magidanta nawa muka binne suna tsakiyar ƙarfinsu, ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, muka ce sammu ne? Allurar rigakafin wannan cuta kyauta ce ga jarirai, kuma ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Duk uban da ya kai jaririnsa aka yi masa ita, ya tsinke rabin wannan mugun haɗi tun kafin yaron ya san ɗanɗanon gyaɗa.

Ba mu manta da Zamfara ba, kuma kada mu yarda mu manta. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya har Bagega, agwagi suka fara mutuwa, sannan yara suka bi. Fiye da 400 suka rasu. Dutsen zinariyar da ake kawowa gida a daka a turmi, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida, cike yake da dalma. Da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da abokan aikinsu suka zo awon jini, yara da yawa gubar da ke jikinsu ta wuce iyakar da na'urar hannu ke iya karantawa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka tafi. Sunan dalma muka riƙe, kuma ita ce ta yi kisan. Amma a gidajen nan ana ƙona zaiba don a ware zinariya, ita ma ƙwaƙwalwa da ƙoda take ci. Sannan ga yunwa. Yaro yakan tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotsa, in kuma jininsa ya yi ƙaranci ko cikinsa babu abinci, hanjinsa ya fi jan ta. Ɗan talaka da ɗan mai hali za su shaƙi ƙura ɗaya, amma ba illa ɗaya za ta yi musu ba. Duk awon da bai sa yunwa a lissafi ba, bai auna yaranmu ba.

Yanzu bari mu juyo kan abin da muke yi da hannunmu, domin ba duka laifin ke wuyan hukuma ba. Mun ɗauki wata aƙida cewa abu ba ya ci sai an haɗa. Manomi zai zuba magani kala 3 ko 4 a tankin feshi ɗaya, ya ƙara da na ciyawa, ya gauraya da hannu, ya goya a baya yana yoyo a rigarsa, ba takalmi ba abin rufe hanci. Tun da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a 2016, daga Kadawa har Kaduna, wannan ɗabi'a ta ƙara kama ƙasa. In ya gama sai ya sha madara ko manja wai ya kashe dafin. Ɗan'uwa, madara ba ta kashe dafin maganin feshi. Abin da ke taimakonka shi ne ka tuɓe kayan nan take, ka yi wanka da sabulu, in kuwa ka ji jiri ko amai ko ganinka ya dushe, a kai ka asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san abin da zai yaƙa. In kuma ka haɗa kala 4, wace kwalba za a kai masa?

Iyayenmu mata da ƙannenmu, ku ma ku ji. Man haɗin da ake kwaɓawa a roba ba suna ba takarda, sau da yawa abu 3 ne a ciki: mai kashe launin fata, da maganin kumburi mai ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, da zaiba. Na biyun yana sa fata ta yi siriri, sai sauran su sami hanyar shiga jini cikin sauƙi. Zaiba kuma ba ta tsayawa a jikin mai shafawa, tana bin tawul da zanin gado, tana ratsa mahaifa, tana shiga nono. Kwallin dutse mai ƙyalli da muke rambaɗa wa jarirai, shi kansa ma'adinin dalma ne. A banɗaki kuma, kada a kuskura a haɗa ruwan bilic da ruwan asid na wanke masai, domin iskar da ke tashi daga nan tana ƙona huhu. Matasanmu da ke haɗa kodin da tiramol da ƙwayar barci, kowanne daga cikinsu rage numfashi yake yi, a tare kuma sukan tsayar da shi gaba ɗaya, yaro ya kwanta bai tashi ba. Mutanen Kano kuma sun ga abin da ya faru a 2021, lokacin da garin haɗa lemo da gurɓataccen ɗan tsami suka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibiti, wasu suka rasa rayukansu.

Na san abin da ɗan kasuwar Dawanau zai ce: in ban sa magani ba ƙwari su cinye min jari, wa zai biya ni? Tambaya ce ta gaskiya, kuma tana da amsa. Buhun nan mai ruɓi 3 da ake kira PICS, wanda aka faro bincikensa a Marwa ta ƙasar Kamaru, aka gwada shi sosai a Maraɗi, ake kuma ƙera shi a Kano, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. Duro mai murfin da ke rufuwa ruf shi ma haka yake yi. Ga masu gyaɗa da masara akwai Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta samar don rage gubar fumfuna tun daga gona. Hanyoyin suna nan. Ku kuma tuna abin kunyar da ya same mu a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda DDVP: iyakarsu miligiram 0.01 a kowane kilo, aka sami namu daga 0.03 har zuwa 4.6. Turawa sun rufe ƙofarsu sun huta. Waken da suka ƙi, cikin tukunyar wa ya ƙare?

Kada wani ya fahimce ni da cewa a daina cin kayan lambu ko wake ko gyaɗa. Yunwa ta fi saurin kisa, kuma jikin da ya ƙoshi ya fi jure guba. Abin da nake kira a kai shi ne a rage yawan abubuwan da ke taruwa, a kuma tilasta wa masu iko su auna tarin.

Ga abin da ya kamata mu nema da babbar murya. Hukumar NAFDAC da NESREA da ma'aikatun lafiya da na gona na jihohi su daina tsayawa a kan tambayar ko wannan sinadarin ya wuce iyakarsa, su ƙara da ta biyu: in aka haɗa shi da 'yan'uwansa masu cin gaɓa ɗaya, nawa ya zama? An taɓa yin irin wannan aiki. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya sun jagoranci wani bincike a Najeriya da Benin da Kamaru da Mali, Kano na cikin biranen da aka zaɓa, inda aka sayo abinci a kasuwa, aka dafa shi yadda muke dafawa, sannan aka auna. Sakamakon da aka wallafa a 2020 ya nuna gubar fumfuna iri-iri da dalma da wasu sinadarai suna zuwa mana a tare. Wannan aiki bai kamata ya zama na sau ɗaya ba. A mai da shi na lokaci-lokaci, a faɗaɗa shi zuwa Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, a kuma karanta sakamakon da Hausa a rediyo, mai ƙosai da mai tuwo-tuwo su ji. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Abdou Moumouni suna da masanan da za su iya. Kuɗin aiki da na'urori suke buƙata, kuma 'yan majalisar da muka zaɓa ne ke rubuta kasafi.

Ruwan Challawa da Jakara, da ke kwasar dattin majemu da masana'antun Sharaɗa da Bompai ya kai wa masu lambu, a auna shi gaba ɗayansa, a auna ganyen da aka shuka da shi, a auna jinin yaran da ke wasa a gefensa. A yankin Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya addabi jama'a har gwamnatin Yobe ta ɗauki nauyin bincike, muna roƙon masu binciken su duba ruwan sha da maganin feshi da ƙarafa masu guba da zafin rana da ƙishirwa da magungunan kashe ciwon jiki da ake sha barkatai, su dube su a haɗe. Masu nazarin irin wannan ciwo a Siri Lanka da gonakin rake na Amurka ta Tsakiya sun daɗe da karkata ga duba taron dalilai maimakon farautar guda ɗaya. Kowace kwalbar maganin feshi ta zo da gargaɗi da Hausa, da boko da ajami, da hoto ga wanda bai iya karatu ba, a kuma rubuta ɓaro-ɓaro kwana nawa za a jira tsakanin feshi da girbi. Likitoci da malaman jinya, ku ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda kuka saba yi: wace sana'a kake yi, me kike shafawa, me ake ajiyewa a ɗakin da yaron nan ke kwana?

Malamanmu da limamai, mumbari naku ne, kuma algus a abinci babinku ne. Wanda ya zuba guba a wake ya sayar wa maƙwabcinsa bai faɗa masa ba, ku gaya masa matsayinsa. Masu unguwanni da dagatai da sarakunan kasuwa, kuna da ikon hana ɗura maganin ƙwari a kwalbar lemo, da hana niƙa dutsen zinariya a cikin gari. Shugabannin ƙungiyoyin manoma, ku sayi buhunan ajiya a dunƙule don farashi ya sauka, ku sa a koya wa masu feshi aiki kafin a ba su tanki.

Kai kuma mai gida, aikinka ya fara daga yau. Fitar da kwalaben feshi daga ɗakin kwana da madafa. Kada jarkar magani ta koma ta ruwan sha ko ta mai, komai wankin da aka yi mata. Sauya fiya-fiya da gidan sauro. Gyaɗar da ta canza launi ko ta yanƙwane, a tsince a binne ta, kada a ba yaro, kada a ba dabba. Ka je a gwada jininka da na iyalinka don cutar hanta. In ka je sayen wake, tambayi mai shi da me ya ajiye shi, ka sansana, in ka ji warin magani ka bar masa kayansa ka gaya masa dalili. Ranar da mutum 10 suka yi masa haka a jere, da kansa zai tafi neman buhu mai ruɓi 3.